Yadda ake gano matsalar giyar otomatik a Hilux da sauran a-kori-kura lokacin sanyi

Duk shekara da hunturu ya kankama, wajen tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, ƙorafin da masu Hilux da sauran a-kori-kura masu giyar otomatik ke kawowa gareji kusan iri ɗaya ne. Wani ya ce, "Oga, da safe in na sa D sai ta tsaya tana shawara kafin ta ja." Wani ya ce injin na ta kuka a kan kwalta amma giyar ƙarshe ta ƙi shiga. Wani kuwa tasa zabura take yi, ka ji gam kamar an dake ta ta baya. Abin da ya haɗa su duka, da hantsi ya dubi ludayi sai motar ta warke, in an kawo ta wurin bakanike da ƙarfe sha ɗaya ta ƙaryata mai ita.

A nan Jos, inda sanyin asuba kan sauko kusa da digiri 10, mun saba da wannan. Masu hawa tsaunin Mambila ma sun san shi. Na sha ganin an sauke giyabos lafiyayye, an narkar da kuɗi, an mayar, washegari da asuba matsala tana nan daram. Sanyi tona asiri yake yi: man giya ya yi kauri, robobin da ke riƙe matsin mai su taurare, batir ya rage ƙarfi, sai raunin da zafi ke rufewa ya fito fili. Sau da yawa kuma raunin a wajen giyabos yake. Shi ya sa tsarin nan daga gyara mai arha yake farawa, sauke giya ne na ƙarshe.

Kayan da za ka tanada

Na farko sikana, wato na'urar da ake jona wa a ƙasan sitiyari ta karanta kwamfutar mota. Ka nemi wadda ke nuna zafin ruwa da zafin man giya kai tsaye. 'Yar ƙaramar nan da ake haɗawa da waya tana karanta lambobin injin, amma ba kowace ce ke shiga ɓangaren giya ba. Idan ba ka da ita, je wurin mai ita ka biya a duba maka, ya fi lalube a duhu arha.

Sai mitar auna wuta, da farin ƙyalle marar gashi ko farar takarda, da mazurari mai dogon wuya. Giyar da ba ta da sandar auna mai tana buƙatar ɗan famfon hannu na ɗura mai. In babu, babban sirinji da siririn tiyo za su yi, sai dai ka yi haƙuri da jinkirin. Soket 10, 12, 14 da 24, da alanki 5, su ne aka fi buƙata a Toyota. Ka samu roba mai awo da za ka tari tsohon mai ka san lita nawa ya fita. Rami ya fi, amma jak da majingina huɗu masu ƙarfi za su wadatar, muddin motar ta zauna daidai ba karkace ba. Kada ka shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai, kada kuma ka jingina ta kan bulo.

Sai man giya, wanda aka rubuta wa motarka ba wanda mai shago ya ce "duk ɗaya ne" ba. Hilux ta 2005 zuwa 2015 mai giya huɗu T-IV take sha. Mai giya shida da ta fito daga 2015 WS take sha. Ford Ranger mai giya shida Mercon LV. Chevrolet da GMC masu giya huɗu ko shida daga 2006 Dexron VI. Yawanci an buga sunan man a kan sandar auna mai ko a kan notin ɗurawa, can za ka duba. A ƙarshe, biro da takarda, da agogon wayarka.

1. Bar motar ta kwana, ka gwada ta da kanka da asuba

Matsalar sanyi ba a gano ta da rana. Ka ce wa mai motar ya bar ta ta kwana a wurinka, a fili mai shimfiɗe, ka sa kwali a ƙarƙashinta don ka ga ko tana ɗiga. Bayan sallar asuba ka zo, kada kowa ya riga ka tayar da ita.

Tayar, ka bar ta minti ɗaya. Taka birki sosai, ka ja liba daga N zuwa D kana duba agogo. Rubuta daƙiƙa nawa ta ɗauka kafin ka ji ta kama. Koma N, jira kaɗan, ka gwada R. A littafin Toyota na tsofaffin giyoyi masu huɗu, idan mai ya yi zafi D ba ta wuce daƙiƙa 1.2, ribas kuma 1.5. Da sanyi in ta kai 2 ba abin tayar da hankali ba ne. In ta kai 4 ko 5, ko sai ka ɗan taɓa totur take kamawa, akwai magana.

Daga nan ka fita da ita a hankali, ido a kan allurar juyin injin. Abubuwa huɗu kake saurare. Jinkiri: ta daɗe a giya ɗaya kafin ta canja. Bugu: ta canja da ƙarfi. Sulɓi: tsakanin giya da giya allura ta yi tsalle sama, injin ya yi ihu kamar an taka kulochi, sannan ta kama. Maƙalewa: ta tsaya a giya ɗaya, yawanci ta uku, ta tashi da nauyi kamar an ɗora mata buhu hamsin. Rubuta a wace giya abin ya faru, da minti nawa aka yi kafin ya daina. Waɗannan huɗun ba hanyarsu ɗaya ba. Sulɓi ne mafi muni a cikinsu, shi ke cin fayafayin kulochin ciki. In ka ji shi, sassauta ƙafa nan take.

2. Ware abin da ba ciwo ba ne

Akwai halin da injiniyoyi suka sa wa motar da gangan. Kwamfutar Toyota tana hana shiga giyar sama da kulle kwanbata, wato abin da ke haɗa injin da giyabos a madadin kulochi, har sai ruwan injin ya kai wajen digiri 60, don injin ya yi saurin ɗumi. Saboda haka in ka fito da asuba ka hau babban titi, ka ga injin na juyawa sama da yadda ka saba na 'yan mintuna, sannan allura ta sauko da kanta, lafiya lau take. Haka nan injin fetur mai sanyi yana tashi da juyi 1,200 zuwa 1,500. In ka jefa D a wannan lokacin dole ka ji ɗan bugu. Jira juyin ya sauko.

Ma'aunina shi ne: in abin ya wuce cikin minti biyar zuwa goma na tafiya, babu sulɓi, babu fitilar gargaɗi, ka duba mai kawai ka sallami mai mota. In an yi minti ashirin ana tafiya giyar sama ba ta shiga ba, wuce mataki na gaba.

3. Duba tamostat kafin ka taɓa giya

Nan ne na fi kama ɓarawo. Al'adar garejinmu ce da mota ta sauko daga Kwatano a cire mata tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa har injin ya ɗumama, a jefar, wai na ƙasar ƙanƙara ne, wani lokaci har a ɗaure fanka ta riƙa juyawa da cikakken ƙarfi koyaushe. Watan Afrilu ba za ka ga illar ba, zafin gari ya rufe. Amma da asubar Janairu, iska mai sanyi na dukan lagireto, ruwa na zagayawa ba mai tare shi, injin ba zai kai zafin da kwamfuta ke jira ba. Ita kuwa kwamfuta ba ta san an cire komai ba. A wurinta injin bai ɗumama ba tukuna, sai ta ci gaba da riƙe giyar sama. Ga shan mai, ga kuka, ga man giya da shi ma ta cikin lagireto yake bi, ya ƙi sakin jiki.

Wani Alhaji mai ɗauko dankali daga Bokkos ya taɓa zuwa mini har ya riga ya yi cinikin wani giyabos, ɗaurawa kawai yake so. Na ce, "Alhaji, a ba ni daren nan." Da safe muka hau hanya tare, na nuna masa allurar zafi: kwance take a ƙasa, in mun tsaya ta ɗan ɗago, in mun gangara ta koma ta kwanta. Muka kwance gidan tamostat, wayam. Aka sa sabo, giyar ƙarshe ta shiga kafin mu fita gari.

Yadda za ka gane: a sikana, lafiyayyen injin yana kaiwa digiri 80 zuwa 90 ya zauna a nan. Tamostat ɗin Toyota da yawa a 82 yake buɗewa, an buga lambar a jikinsa. In kana tafiya zafin na yawo a 50 ko 60, ko dai babu shi ko ya maƙale a buɗe. In babu sikana, tun injin na da sanyi buɗe murfin lagireto ka tayar. In ka ga ruwa na gudu tun daga farko, babu mai tare shi. Kada ka kuskura ka buɗe murfin nan injin na da zafi.

Wajen sa sabo, ɗan ƙaramin bawul ɗin da ke gefen faifansa ya kalli sama, don iska ta samu mafita. Kuma ka tambayi dalilin cire na farko. In don motar na zafi ne aka cire, to ciwon na nan: lagireto ya toshe, ko murfinsa ya mutu, ko kulochin fanka, ko famfon ruwa. Gyara wannan tukuna, in ba haka ba watan Maris za a dawo maka da ita tana tafasa, a ce kai ka jawo.

4. Auna man giya, ka dube shi, ka sansana

Mai yana tsukewa da sanyi, ya kumbura da zafi. In ya gaza da ko rabin lita ne, da asuba bakin filta zai riƙa zuƙo iska tare da mai, matsi ya faɗi, giya ta yi jinkiri ko sulɓi. Da ya ɗumama ya hau, sai komai ya daidaita. Wannan shi ne bayanin rabin labaran "da rana lafiya take".

In motar na da sanda: yi tafiyar kamar minti 15, tsaya a wuri shimfiɗaɗɗe, ja birkin hannu, injin na aiki. Taka birki ka zaga da liba kowace giya, kana tsayawa daƙiƙa biyu ko uku, ka dawo P. Zaro sanda, goge, mayar har ƙarshe, sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomin HOT. Alamar COOL kimantawa ce kawai, kada ka yanke hukunci da ita. Kuskuren da yara ke yi kullum shi ne auna shi injin a kashe kamar baƙin mai. Zai nuna ya cika har ya wuce alhali ya gaza. Tsofaffin Dodge Ram kuwa a N ake auna su, ba a P ba. In za ka ƙara, kwata-kwatan lita, kana sake aunawa. Cikawa fiye da kima ma ciwo ne, mai zai yi kumfa.

In babu sanda, kamar sababbin Hilux da Tacoma da Tundra: akwai notin ɗurawa a gefen giyabos, da ƙaramin notin ambaliya a ƙasan kasko, wato murfin ƙasan giyabos inda mai ke taruwa, ban da na zubarwa. Kada ka rikita biyun ƙasan. Kuma ka fara kwance na ɗurawa ka tabbata yana buɗuwa kafin ka zubar da ko ɗigo. Ana auna wannan ne injin na aiki, mota a daidaice, man kuma yana wani zafi ƙayyadadde. A Hilux mai giya shida digiri 35 zuwa 45 ne, wasu giyoyin nasu ya ɗan fi haka, sai ka bi na motarka. In zafin ya kai, buɗe notin ambaliya. In mai ya zubo siriri sannan ya koma ɗiga, daidai yake. In ba abin da ya fito, ɗura har ya fara zubowa. A ƙasarmu da rana man kan wuce wannan zafin nan da nan, don haka safiyar hunturu ita ce lokacin aikin. In sikanarka ba ta nuna zafin man giya, auna ƙasan kasko da bindigar auna zafi, ka tuna na ciki ya ɗan fi abin da za ta nuna maka.

Yanzu ɗiga man a farar takarda. Ja mai haske, lafiya. Ruwan ƙasa marar wari, ya tsufa, a canja. Baƙi mai ƙauri kamar an bar tuwo ya kama a tukunya, fayafayi sun fara ƙonewa. In kuwa ya yi kamar an zuba madara a zoɓo, ruwa ya shiga: ko bututun sanyaya man da ke cikin lagireto ya fashe, ko an tsallaka rafi da damina ruwa ya bi ta mashaƙar giyabos. Wannan kada a ƙara tuƙa ta, ruwa na ɓanɓare fatar fayafayin kulochi. WS yana saurin yin duhu ko da lafiyarsa ƙalau, don haka hanci ya fi ido gaskiya a kansa.

Ka kuma tambayi mai motar wane mai aka zuba na ƙarshe. WS ya fi tsohon Dexron III tsinkewa. In an cika giyar WS da mai kauri, ko da jabun da aka ɗura a tsohuwar roba, da sanyi za ta yi nauyin canji. In man ya gaza, nemo inda ya bi: tiyon da ke zuwa lagireto, gasket ɗin kasko, silin bayan giya wajen furofela, ko ɗiga daga mahaɗar injin da giyabos. Kwalin da ka shimfiɗa jiya zai nuna maka.

5. Batir da wayoyi

Solonoid ɗin giya, wato ƙananan bawul masu buɗe wa mai hanya, da wuta suke aiki, sanyi kuwa maƙiyin tsohon batir ne. Kafin ka tayar da safe sa mita: bolt 12.6 cikakke ne, 12.2 ya yi rauni. Lokacin da ake murza ki kada ya faɗi ƙasa da 9.6. Injin na aiki ya nuna 13.5 zuwa 14.7. Faɗuwar wuta wajen tayarwa na iya rikita kwamfuta ta jefa motar cikin maƙalewa a giya ɗaya. Alamarsa, in ka kashe ka sake tayarwa sai ta saki.

Kankare kan batir, ka bi wayar ƙasa da ta haɗa injin da bodi ka ɗaure ta. Shiga ƙasa ka zare babban soket ɗin da ke jikin giyabos, ka duba ko akwai tsatsa mai kore, ko laka, ko man giya da ya biyo waya. Wanke da feshin wanke soket, ka bari ya bushe. Dabarar nan ta cire kan batir injin na aiki don a gwada caji, ka bar ta. Ta ƙona kwamfutar mota ba ɗaya ba biyu ba.

6. Jona sikana tun injin bai tashi ba

Buɗe ki kawai, kada ka tayar. Motar da ta kwana, zafin ruwa da zafin iskar shiga da zafin man giya duk su yi kusa da juna, kusa kuma da sanyin gari. In biyu sun ce 14 ɗaya ya ce 60, na ukun ƙarya yake yi. In ka ga 40 ƙasa da sifili, waya ta tsinke ko soket ya fita. Kwamfuta da abin da aka faɗa mata take aiki: in an ce mata man na da sanyin ƙanƙara, za ta ƙara matsi ta riƙe giya, ka ji bugu.

Karanta lambobi ka rubuta su kafin ka goge komai. P0700 sanarwa ce kawai cewa ɓangaren giya na da ƙorafi, sai ka shiga can ka ga ainihinsa. P0128 na nufin injin ba ya kai zafinsa, koma mataki na uku. P0115 zuwa P0118 na'urar jin zafin ruwa. A Toyota in ka auna ta da mita tana ba da om 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, ta sauko wajen 300 a digiri 80. P0711 zuwa P0713 na'urar jin zafin man giya. P0715 da P0717 mai ƙirga juyin shiga, P0720 da P0722 na fita. Waɗannan biyun kan tara garin ƙarfe a baki, wani lokaci gogewa kawai suke so. P0705 makunnin da ke faɗa wa kwamfuta inda liba take. P0741 kullin kwanbata. P0750 zuwa P0770 solonoid na canji. P0562 ƙarancin wuta.

Lamba unguwa take nuna maka, ba ta nuna gida. P0751 na iya zama solonoid, na iya zama datti a bawul, na iya zama ƙarancin mai. Kada ka sayi kaya saboda lamba kaɗai.

7. Iska da totur

Kwamfuta na zaɓar giya ne bisa nauyin da take ganin injin na ɗauka. Ƙurar hunturu kan toshe filtar iska ta kuma rufe siririyar wayar na'urar auna iska, lissafi ya karkace. Canja filta, ka fesa wa na'urar maganin wanke ta, kada ka taɓa wayar da hannu ko ƙyalle. Tsofaffin Hilux masu kebul daga totur zuwa giyabos, duba ko ya saki ko ya cije. In ya yi sako-sako giya za ta yi sulɓi, in ya yi tsauri ta yi bugu.

8. Canja mai da filta

In ka zo nan man ya tsufa ko ba a san irinsa ba, sai canji. Ka sani zubarwa ta ƙasa lita 2 zuwa 4 kawai ke fitarwa cikin kusan 10, sauran na cikin kwanbata da bututu. Auna abin da ya fita, ka mayar da daidai shi, sannan ka daidaita kamar mataki na huɗu. Yi tafiyar 'yan kwanaki, ka maimaita sau biyu ko uku. Ni wannan na fi so a kan na'urar canja mai da ke tura shi da ƙarfi, musamman a tsohuwar giya.

A karon farko kwance kasko. Yi aikin a rumfa, ba a fili iska na kwaso ƙura ba. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta maƙale bawul. Dubi maganaɗisun da ke cikin kaskon. Laushin baƙin gari kamar kwalli, cin yau da kullum ne. Ɓarɓashin ƙarfe da kake ji a yatsa, ko ƙyalƙyalin tagulla, ko baƙaƙen gutsattsari kamar ganyen shayin da aka dafa, waɗannan daga ciki suke, canjin mai ba zai mayar da su ba. Kira mai motar ya gani da idonsa kafin ka ci gaba. Daga nan ne maganar "canja man giya ke kashe ta" ta samo asali: giyar ta riga ta ƙone, aka canja mai, ta ƙarasa, aka ɗora wa bakanike.

Sa sabuwar filta, ka lura da zoben robar wuyanta. In tsohon ya maƙale a rami ka ɗora sabo a kai, ko ya tsage, famfo zai zuƙi iska, da safe ka ji giya na kuka siriri. Wanke kasko da fetur ka bari ya bushe, ka mayar da maganaɗisu inda suke. In gam za ka sa, siririn layi; wanda ya yi yawa ciki yake faɗawa ya toshe filta. Notocin kasko ƙanana ne, a Toyota ƙarfin ɗaurinsu bai kai Nm 10 ba a ma'aunin ɗaure noti, ka ɗaure su a gicciye da tafin hannu ɗaya.

9. Solonoid da balbodi

Tun kasko na ƙasa, in lamba ta nuna solonoid, auna shi. A Toyota masu buɗe-rufe suna ba da om 11 zuwa 15 a digiri 20, masu daidaita matsi kuwa 5 zuwa 5.6. Na farkon za ka iya ba shi wutar batir ka ji ƙas. Na biyun kada ka ba shi kai tsaye, sa ƙwan fitila mai wat 21 a tsakani. Wanda ya ba da awo daidai amma motsinsa da nauyi, shi ne irin mai cijewa da sanyi ya saki da zafi. Ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka zare su.

Balbodi kuwa, wato gidan bawulolin da ke raba mai a cikin giya, in ba ka taɓa buɗe shi gaban wanda ya iya ba, kai wa mai gyaran giya. Akwai ƙananan ƙwallaye da sifirin a ciki, kowane da raminsa, ɗaya ya ɓata ka sayi sabuwar matsala. Bayan kowane irin wannan gyara, a goge abin da kwamfuta ta koya da sikana, a yi tafiya a hankali tana hawa giya tana sauka har ta sake sabawa.

10. In duk wannan lafiya amma ciwo na nan

Saura abu biyu. Na farko mai sauƙi: man kwanbata na tsiyayewa ya koma kasko cikin dare. Alamarsa, shigar farko kaɗai ke jinkiri, bayan nan ko ka kashe ka tayar babu komai. Wannan ana zama da shi shekaru: tayar, taka birki, sa N na rabin minti zuwa minti ɗaya, sannan D.

Na biyu, robobin fistocin kulochi sun tsufa sun taurare. Da sanyi mai na zurarewa ta gefensu, da zafi su yi laushi su riƙe. Alamarsa sulɓi a giya ɗaya tak kowace safiya, babu lamba, mai daidai, kuma kowane mako lokacin warkewar na ƙara tsawo. Mai gyaran giya zai tabbatar da gejin matsi, ya auna da sanyi ya auna da zafi. Ruwan kwalba da ake cewa yana gyara giya kumbura robar kawai yake yi, ya saya maka 'yan watanni. Magani shi ne a sauke a sa sababbin robobi da fayafayi, kuma gara a yi tun ƙarfe bai fara cin ƙarfe ba.

In ka zaɓi sayen wani giyabos a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, kwafi lambar da ke kan farantin naka ka je da ita, kama da ido ba ta isa ba. Zaro notin ƙasa ka sansana man da ya rage a ciki kafin ka biya. Kafin ɗaurawa a wanke bututun sanyaya mai da tiyonsa tas, don dattin tsohuwar giya na nan a ciki yana jiran sabuwa. A zuba wa kwanbata mai, a tura ta ana juyawa har ta zauna can ciki. In ba ta zauna ba aka ja notoci da ƙarfi, famfo ya fashe tun mota ba ta tashi ba.

Kafin kuɗin gyara su samu, bar ta ta yi minti biyu ko uku a tsaye da safe, ka tafi a hankali kilomitocin farko, kada ka ɗora mata kaya ko ka hau tudu sai allurar zafi ta ɗago. Kada ka taka totur kana jiran D ta kama. In ta tsaya a hanya za a ja ta da nisa, a kwance furofela tukuna, don injin a kashe famfon giya ba ya ba da mai.

'Yan'uwa da ke Kanada ko arewacin Amurka, inda sanyi ke kai digiri 20 ko 30 ƙasa da sifili, matakan nan duka suna aiki, sai ƙari biyu. A jona hitar injin a wutar gida awa biyu zuwa huɗu kafin fita. In kuma liba ta ƙi fita daga P, duba ko fitilar birki na kamawa in an taka. In ba ta kamawa makunnin birki ne ko fis ɗinsa, in tana kamawa mai yiwuwa kebul ɗin liba ne ruwa ya shiga ya daskare, sai a sa motar a wuri mai ɗumi ya narke, a busar da shi a sa masa man shafawa.